Inna, Na Koma Na Ƙirga 'Yan Fari

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce, Rabi.

Wata huɗu ke nan ina Zariya, wurin Gwaggo Lami a Tudun Wada. Ita ta samo mini aiki a ƙaramin asibitin unguwa. Ni da na tsaya a aji huɗu, Inna! Wai don maza ba sa shiga gidan matan aure aka ɗauke ni. In shiga, in tambayi mutum nawa ne a gidan, tsofaffi nawa, masu ciki nawa, masu asma nawa, in ja layi-layi a takarda.

Malam Sani nake kai wa takardar, shi ne mai zubawa a kwamfuta. Wai in babbar mura ta zo, irin mai zaga duniya, kwamfutar ce za ta faɗi mutum nawa za su kwanta a unguwar nan, gado nawa za a nema, tukunyar oksijin nawa. Wallahi da farko na ɗauka duba ne, har na ji tsoro. Ya yi dariya, ya ce shiri ne kawai, kamar awon shinkafa kafin biki, kuma abin da na kawo mata shi kaɗai ta sani.

Da ya ce gado, ke na tuna. Shekarar da tari ya kama ki, muka kai ki asibiti a bayan a-kori-kura, aka ce gado ya ƙare. A benci kika zauna tun hantsi har la'asar, kanki a kafaɗata. Ba ki taɓa jingina da ni ba sai ranar. Ranar kuma kika tafi.

Sati biyu da fara aiki, a wani gida wajen Tudun Jukun, matar gidan ta ce mini 'ya'yanta biyar. Ga shida ina gani a bakin kwano, babbar ta sunkuyar da kai. Nan na gane. Haka kike ce wa baƙi, "Huɗu ne, Allah ya raya," alhali mu biyar ne. Ni ce ta fari, kunya ba ta bari ki sa ni a ciki. Sunana ma a bakinki "ke" ne.

Gida nawa na wuce a haka? Kwamfuta ba ta san kunya ba, Inna. Duk ɗan farin da aka ɓoye mini, ba za a tanadar masa gado ba ke nan.

Kwana biyu na kasa faɗa, kar a ce na ɓata aiki a sallame ni. Rana ta uku dai na faɗa. Malam Sani ya ce shi ma ɗan fari ne, kuma abin bai zo masa ba sam. Ya miƙo mini sabuwar takarda.

Yanzu na sake bi gida-gida tun daga farko. Ba na matsa wa uwa ta faɗa. In ta gama, sai in tambaya a hankali ko ban da babban ne. Sai ta kau da kai, ni kuma in ƙara layi ɗaya.

Inna, a bencin nan, ma'aikaciya ta tambaye ki ko ni 'yarki ce, kika kau da kai. Shekaru na yi abin yana ci mini rai. Yanzu kullum ina ganin wannan kau da kan, kuma kullum layi nake ƙarawa. Ashe amsa kika ba ta, ni ce ban iya ji ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Allah ya kiyaye mu da murar nan, in kuma ta zo, kada uwar kowa ta jira a benci. Amin.

'Yarki ta fari,
Rabi