Baƙuwar Tauraruwa da Tudun Doyarki

Jiwa, Abuja
Disamba, 2025

Zuwa ga Kauthar, sanyin idona, ruwan randar da ya kwana a inuwa, ƙanshin ƙasa ranar ruwan fari, malamar da aka turo bautar ƙasa don ta koya wa yaran Jiwa kimiyya, ta ɓige da koya wa ƙato kamata kallon sama da baki buɗe. Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi buhunan da nake ɗagawa a Idu nauyi.

An ce min kin fara rabon kaya, kamar yadda masu bautar ƙasa suke yi idan shekararsu ta cika. Katifa ta tafi, bokiti ya tafi, risho kin bar wa Prudence abokiyar ɗakinki. Ranar Asabar jirgin ƙasa zai ɗauke ki daga Idu zuwa Kaduna, daga nan mota ta kai ki Gusau wurin iyayenki. Na sani an ce baƙo raɓa ne. Amma wanda ya yi wannan magana bai taɓa ganin raɓar da ta shekara a kan ganye ɗaya ba, balle ya san halin da ganyen zai shiga idan rana ta fito.

Kin tuna ranar da kika fara ba ni labarin tauraruwar nan mai wutsiya? A ƙarƙashin mangwaron makaranta ne, alli ya ɓata miki gefen hijabi. Kika ce wannan ba 'yar gidan ranarmu ba ce. Sauran masu wutsiya suna zagaye rana su tafi su dawo, kamar mata da kasuwa. Ita kuwa daga wata duniyar taurari ta taso, ta yi tafiyar da lissafi ke gajiya kafin ya kai ƙarshenta, za ta ratsa ta gabanmu sau ɗaya tak, ta wuce har abada. Kina magana idanunki na haske, ni kuma na ji kamar takardar sallamarki kike karanta min.

Sai ga safiyar da muka hau tudun bayan makaranta bayan sallar asuba, ni da ke da Prudence da tsohon madubin hangen nesan da kika aro. Kin gargaɗe mu cewa da ƙyar a gan ta, sai da manyan na'urori. Amma ni, sarkin gaggawa, na hango wani haske yana tafe a hankali, na ɗaga hannu ina rantsuwa ga ta nan. Ashe jirgin Legas ne zai sauka. Kika yi dariya har kika zauna a kan dutse, kika riƙe ciki. Wallahi Kauthar, da za a dawo min da wannan asubar, da na sake yin wautar nan da gangan. Ba mu ga baƙuwar ba. Ni dai na sauko daga tudun nan ba tare da na ji na yi asarar komai ba.

Yanzu kowa maganarta yake yi. An ce ta yi abubuwan da ba a saba gani ba: da ta kusanci rana ta yi haske fiye da yadda aka zata, launinta ya sauya, ta ɗan goce daga hanyar da masana suka zana mata, kuma ta miƙa wata wutsiya wajen rana, alhali 'yan'uwanta baya suke juya tasu. A ma'ajiyar kayan da nake aiki, Oga Godfrey ya hana mu sakat. Kullum da waya a hannu: “Yamusa, wannan ba tauraro ba ne o, jirgi ne, akwai direba a ciki. Dutse yana canza hanya? Dutse yana ba da sigina?” Na kawo miki maganarsa, kika murmusa kika ce babu wani direba, ƙanƙara ce ta ji zafin rana ta fara huci, hucin ya ɗan ture ta. Na yarda da ke. Kullum ina yarda da ke. Sai dai tun daga ranar nake tambayar kaina: ashe ko ƙanƙarar da ta fi duwatsun Abuja tsufa, idan ta zo kusa da ɗumi, sai ta goce daga hanyarta?

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ma ina da baƙuwar da ta yi abin da ba a saba gani ba, kuma na rasa masanin da zai fassara min.

Watan jiya kika bi mu gona ranar dashen doya, kika ce kina son gani kafin ki tafi. Mama ta ba ki iri, kika tura shi cikin tudu da hannunki. Wannan ba komai ba ne, ko ɗan ƙwadago yana yi. Amma da Mama ta juya, sai kika tattara busasshiyar ciyawa, kika ɗora wa tudun hula don kada rana ta ƙona irin, kika danne da ɗan hoge. Kin ga yadda gonar ta yi tsit? A gidanmu, tun zamanin kakar Mama, baƙo ba ya sa wa tudu hula. Aikin matan gida ne, da 'ya'ya da surukai. Kuma wadda ta sa hular ita ce za ta tone doyar idan ta nuna. Babu mai taɓa mata tudu, ko da yunwa ake.

Tun daga ranar gidanmu ya koma kamar wurin aikinmu, an rabu biyu. Yayata ta ce rashin sani ne, kin ga ana yi kin yi, a bar yarinya ta tafi gida lafiya. Mama kuwa ta kafe, da irin tata Hausar: “Yarinyan nan malama ne, ya san abin da yana yi.” Har ta kewaye tudun da ƙaya saboda awaki. Ni ina tsakiya, ina juya abin kamar mai gasa masara. Hucin ƙanƙara ne kawai, ko akwai direba a ciki? Kin sani kika yi? Prudence ta taɓa faɗa miki al'adar? Me ya sa da kika gama kika waiwayo kika dube ni, ba Mama ba? An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskarki ranar na kasa karanta ta.

Wani lokaci ina kan injin ɗaga kaya, jirgin Kaduna ya yi kuka, sai in lumshe ido in ga damina ta dawo. In ga ganyen doya ya hau sanda ya yi kore shar, hadari ya taso daga wajen Gwagwalada, ke kuma kin durƙusa a gaban tudunki da 'yar sanda, kina tono a hankali don kada ki ji wa doyar rauni, Mama na tsaye tana yi miki faɗan da ba ta yi wa baƙi. Kai, wannan mafarki! Sai Oga Godfrey ya daka min tsawa in dawo Idu.

Ba zan ruɗi kaina ba, hasken raina. Tauraruwar nan ba za ta dawo ba, kin nuna min a allo, gudunta ya fi ƙarfin riƙon rana. Ina tausayinta, domin ko ta so tsayawa ba a ba ta zaɓi ba. Ke an ba ki. Ni kuma ba rana ba ne, ba ni da ƙarfin janyo kowa. Abin da nake da shi gona ce, da aiki, da uwa mai taurin kai da ta riga ta sa ki a lissafin gida, da so wanda ban taɓa yi wa wata irinsa ba. Ina son ki, Kauthar. Ina roƙon ki ba ni izini in tura kawunnaina Gusau su gaishe da Babanki.

Ranar Asabar zan nemi izini a wurin aiki in zo tasha in ɗaukar miki jaka. Idan kuskure ne kika yi a gona, ki faɗa min, ba zan riƙe ki ba, zan yi miki addu'a har jirgi ya ɓace. Amma ki sani, ko me kika ce, tudun nan naki ne. Ba zan tone shi ba, Mama ba za ta bari a tone ba. Doyar za ta nuna a watan Agusta, ta jira hannun da ya sa mata hula, ko ta ruɓe a ƙasa.

Naki, a daminar da ke tafe da duk wadda Allah ya nufe ni da gani bayanta,

Yamusa