Inuwa a Gefen Hagu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki, tana barin ki ki tsaya a gaban allo? Mu nan lafiya lau. Takwararki ta shiga aji uku, bakin nan sai abin da ya ƙaru, duk wanda ya ji ta ya san sunan wa ta ci.

Na san za ki yi dariya ki ce Auta da ko saƙon waya ke ba shi wuya, yau shi ne da wasiƙa. Maganar ce ba ta waya ba. In na kira, uwar yara tana ji, ke kuma kin san muryata, ba ta iya ɓoye miki komai.

Yaya, ina ganin wata inuwa. Kin san tasi ta yanzu duk a waya take, ita ke kawo fasinja, ita ke nuna hanya. Tun safe nake maƙala ta a gaban mota, taswira a buɗe, sai yamma nake cire ta. Sati uku ke nan, duk abin da na buɗe a cikinta sai in ga wani dishi-dishi a kai, kamar shatin kofin shayi a kan tebur. Na goge da gefen riga, na goge da ruwan wankin gilashi, yana nan daram.

Ban nuna wa kowa ba, don ina tsoron in nuna a ce ba a ga komai ba. Kin tuna yadda na Baba ya fara. Sau uku yana canja ƙwan fitilar da ke saman kekensa na ɗinki, yana faɗa wai ƙwayayen yanzu ba su da haske. Bayan shekara biyu ke ce kike riƙe masa hannu zuwa banɗaki. Yana da arba'in da huɗu a lokacin. Ni watan gobe zan cika arba'in da uku.

Direba ba shi da komai sai ido. In ya tafi, mota ta tafi, ban san da me zan riƙe mutum biyar ba. Wallahi ina jin tsoro, irin wanda ban ji ba tun muna yara. Ki sa ni a addu'a, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Amsarki ta iso, faɗan ma ya iso, ko harafi ɗaya bai zube a hanya ba. Kin ce in ajiye mota in tafi asibitin ido. To ki kwantar da hankalinki, albishir nake tafe da shi.

Ranar Talata na sauke fasinja a layin masu gyaran waya, sai na yi ta maza na shiga shagon wani da suke kira Injiniya. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, wayoyi a farke ko'ina. Na miƙa masa tawa. Ya buɗe farin shafi, ya karkata ta, sai ya fashe da dariya ya tambaye ni ko ni ɗan tasi ne. Ya nuna min da ɗan ƙarfensa: ga shatin kibiyar taswira a tsakiya, ga layin da ke sama inda sunan titi ke fitowa, har da zagayen da nake dannawa in karɓi fasinja. Yaya, shi ma yana gani! Saura kaɗan in rungume shi.

Ya ce fuskar wayar ce ta ƙone. Wai cike take da 'yan mitsi-mitsin fitilu, kuma in hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, ga haske an ƙure shi saboda rana, fitilun wajen sai su gaji su bar tabo. Ya ce 'yan tasi sun fi kowa kawo masa irin wannan, kuma tabon ba ya goguwa, sai dai a canja fuskar gaba ɗaya. Na tambaye shi wani duhu da nake gani can gefen hagu fa, lokacin wata mata ta shigo da wayar da ta faɗa ruwa. Bai ko ɗago ba ya ce sabuwar fuska za ta share komai. Ranar Asabar za ta iso.

Na koma gida da kaji biyu, uwar yara tana ta tambayata ko gasa na ci.

Batun da kika yi cewa layukana suna farawa nesa da gefen takarda, suna ta zamewa dama, wannan kuma halinku ne na malamai. Tun ina firamare kike kuka da rubutuna. Asibiti sai wani jiƙon.

Naki mai ƙaunarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri, yau gaisuwar gajera ce.

An sa sabuwar fuska ranar Asabar. Injiniya ya buɗe farin shafi ya miƙo min yana yabon aikinsa, wai fari tas kamar madara. Kibiyar ta tafi, layin sama ya tafi. Duhun gefen hagu yana nan. Na ce masa bai gama ba. Ya duba, ya kira maƙwabcinsa ya duba, dukansu suka ce babu komai. Sai ya daina dariya, ya dube ni ya ce in matsar da wayar dama. Na matsar, duhun bai bi ta ba. Na biya shi na fito, ban ma yi masa sallama ba.

Da ma a nan na tsaya. Amma na shiga mota na karɓi fasinja, ina ce wa kaina gajiya ce. A mahaɗar da ke kusa da makarantar su takwararki na duba hagu, na rantse miki na duba, hanya fayau. Ihun fasinjan ne ya sa na taka birki. Wata mata ce da goyo, hannunta a kan murfin motata. Ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi ta gyara goyonta ta wuce. Na ja motar gefen titi, na fi minti goma kafin in sake tashi.

Yanzu da nake rubutun nan na rufe idon dama na kalli takardar. Gefenta na hagu babu shi, Yaya. Kin gani tun a wasiƙar farko, ni kuma na tsaya canja ƙwan fitila.

Na gaya wa uwar yara komai. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta dai karɓi makullin motar ta kulle a akwatinta. Mun je asibiti jiya, sun auna, sun ce ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi yana danne jijiya, irin na Baba. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma likitar ta ce za a iya tare sauran in ban ƙara wasa ba. Ranar Alhamis za a yi babban gwajin da zai nuna nawa ya rage, da ko zan sake riƙe sitiyari.

Ki zo, don Allah. Ke kika san hanyar nan, kin bi ta da Baba, ni kuwa ban taɓa tambayarki yadda kika ji ba. Ba sai kin kawo komai ba. In kin shigo ɗakin jira kika same ni a zaune, ki zauna ta damana, don in gan ki.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Auta