Ƙofar Da Ta Daina Magana

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya kuma ƙafar nan taki mai kumbura in tsayuwa ta yi yawa? Mu nan da sauƙi. Umma tana cin abinci tana barci, mantuwar ce dai kullum gaba take yi.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali muna da waya. Umma ta manta abubuwa da yawa, amma kunnenta yana nan garau, kuma maganar nan ba na so ta ji.

Saƙonki ya iso, na gode. Akwatin fari fes, ɗan mitsitsi, har na ji kunyar ajiye shi kusa da tsohon Maigadi. Kin dai tuna Maigadi, baƙin akwatin da Baba ya kafa a falo lokacin da ciwon Umma ya fara, da 'yan na'urorin da ya manna a ƙofofi yana kiransu kunnuwa. Kin ce ya tsufa, ba ya aika saƙo a waya, in Umma ta fita ba mai sani. Gaskiyarki ce. Amma akwai abin da ba ki gani ba, don zuwanki na ƙarshe na rasuwar Baba ne, gida cike da mutane, an zare shi daga wuta.

Baba bai bar Maigadi yana ƙara kawai ba, muryarsa ya naɗa a ciki, kowace ƙofa da maganarta. Ta kicin tana tuna mana mu duba gas. Ta get kuwa cewa take, “Maman yara, ina zuwa haka? Jira ni mana in sa takalmi.” Da Umma ta ji sai ta saki ƙofa, ta dawo ta zauna a kujerar baranda tana jiransa, kafin wani lokaci ta manta fitar ma gaba ɗaya. Da wannan nake samun zama a kan keken ɗinki hankali kwance. Kwaɗo kuwa kin san mun gwada tun Baba na da rai, dukan ƙofa ta yi ta yi har hannunta ya fashe.

To, takardar da ta zo da sabon akwatin ta ce sai an raba kowane kunne da tsohuwar na'ura kafin ya karɓi sabuwa. Ni kuwa sarkin gaggawa, maimakon in gwada ɗaya in gani, sai na bi su a jere. In buɗe ƙofa, lambarta ta fito a fuskar Maigadi, in danna gogewa, sannan in soka allurar ɗinki a ɗan ramin da ke bayan kunnen har fitilarsa ta fara ƙiftawa. Da na zo kan get, na buɗe, Baba ya ce a jira shi ya sa takalmi. Har murmushi na yi, Yaya, sannan na danna.

Sabon akwatin ya karɓi na kicin da na ɗakin Umma da na ƙofar baya, ba gardama. Na get ne ya ƙi. Na sake masa batir, na ciro shi na kawo shi gaban akwatin, na kashe intanet na kunna, manhajar tana ta juyi a waya tana cewa ba ta ga komai ba. Mai gyaran waya na bakin titi ya duba, ya ce wannan ya girmi sauran, sabon akwatin bai san irinsa ba.

Sai na ce ba komai, bari in mayar da shi gidansa na da. Maigadi ya karɓe shi kuwa. Na buɗe get ina jira, sai na ji ƙit, ƙit. Na rufe na sake buɗewa, ƙit, ƙit. Ashe in ka goge lamba, har maganar da ke kanta kake gogewa. Na zauna a ƙasa nan bakin get na rasa abin yi.

Ki taimaka ki tambaya a can ko akwai hanyar dawo da ita. Ban zare Maigadi daga wuta ba, ina tsoron taɓa shi. Ki gaida min yara da babansu.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Ki zauna kafin ki karanta, amma bari in fara da cewa Umma tana gida, lafiyarta ƙalau.

Sabon kunnen da kika aiko na get ya zo, ya kuwa haɗu da sabon akwatin nan take. Ana taɓa ƙofa waya za ta yi ƙara. Na yi ta godiya, na ce an huta.

Ranar da abin ya faru ina kan wani ɗinki na gaggawa, keke yana ta ruri, wayar tana caji a falo. Ta yi ƙararta ta gaji, ban ji ba. Ke ma na san saƙon ya shiga taki, amma kina ɗakin tiyata. Da na tashi shan ruwa na ga get a buɗe, kujerar baranda ba kowa, takalmin Umma ɗaya a bakin ƙofa.

Ban san lokacin da na fita ba, da tef ɗin awo a wuyana. Na duba kantin kan kwana, na duba wurin jiran mota, na leƙa har cikin kwalbatin da ake gyarawa, ina kiran Umma kamar mahaukaciya. Kowa na tambaya sai ya ce bai lura ba. Titin nan kin san yadda ya koma, motoci ba sa tsaya wa mai ƙafa biyu lafiyayye ma, balle tsohuwa mai takalmi ɗaya. Duk ƙarar birki da na ji sai in ruga in duba.

Mai kemis ne ya hango ni ya ƙwala min kira. Ya gan ta tsaye gaban tsohon shagon Baba, wanda yanzu ake sayar da kayan roba a ciki, tana tambayar masu shagon ina mai gyaran wuta ya tafi. Ta tsallaka babban titi ita kaɗai, Allah kaɗai ya san yadda ta yi. Ƙafarta ta yanke, ba sosai ba, na wanke na ɗaure. A hanyar dawowa ta yi ta gaya min wai ta ga kwana biyu ba ta ji motsinsa a gida ba, shi ne ta je ta duba ko aiki ne ya riƙe shi.

Na ga saƙonki da kika ce ai na'urar ta yi aikinta, ni ce ban riƙe waya ba. Ban amsa ba don raina a ɓace yake, kada in faɗi abin da zan yi nadama. Yanzu da na huce zan faɗa miki a hankali. Akwatinki yana gaya mana Umma ta fita. Na Baba hana ta fita yake yi. Ke kika aiko da kyakkyawar niyya, ni na danna da hannuna, ba wanda zan ɗora wa.

Na gwada naɗa muryata a Maigadi, na faɗi maganar Baba kalma da kalma. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Na kwashe duk bidiyon da ke wayata, Baba ko dai yana dariya daga nesa ko shi ke riƙe da wayar. Mai gyara ya ce abin da aka goge a irin wannan akwatin ya tafi ke nan.

Yanzu na jawo keken ɗinki baranda, ina ɗinki ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan get. Na ɓata wa mata biyu riga a satin nan. Wanka ma a tsorace nake yi, ƙofa a buɗe. Na gaji, Yaya, kuma ina jin tsoro.

Ki sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma gajiyar aiki ta sake ki. Na ji daɗin kiranki, na kuma ji kukan da kike ɓoyewa. Komai ya wuce tsakaninmu, ki daina ba ni haƙuri. Ƙafar Umma ta warke.

Akwai labari, ban san ko mai daɗi zan kira shi ba.

Belin keke ne ya saki, na rasa abin ɗaure shi, sai na nufi kabad ɗin kayan aikin Baba da ke lungun falo. Rabona da buɗe shi tun yana da rai. Ina jan murfin sai na ji daga bayana, “Auta, na gan ki! Ajiye min kayan aikina.”

Yaya, sai da na saki murfin na waiwaya. Na manta sam da wannan. Kin tuna yadda nake ɗauke masa filaya da almakashi ba na mayarwa, shi ne ya ɓoye kunne ɗaya a cikin kabad ɗin don ya kama ni, ya yi ta dariya ranar da na fara faɗawa tarkon. Da yake a ɓoye yake, shi kaɗai ya tsira daga allurata. Na rufe na buɗe, na rufe na buɗe, ina kuka yana min faɗa.

Abu na farko da na yi, na naɗi muryar a waya, na tura miki, na tura wa kaina. Sannan na ɓamɓare kunnen a hankali, na naɗe shi da leda saboda ruwan sama, na manna shi a get a gurbin tsohon, kusa da naki. Ban taɓa ramin bayansa ba, ban je kusa da fuskar Maigadi ba. Yanzu ƙofa ɗaya kunne biyu, naki yana kiran waya, na Baba yana magana.

Da yamma Umma ta yafa mayafi ta nufi get. Na yi kamar ina ɗinki. Tana buɗewa Baba ya daka min tsawa. Sai ta tsaya cak, ta saki ƙofar, ta juyo da sauri tana nemana. Ta same ni ta kama kunnena, wai sau nawa za a hana ni taɓa masa kaya, in tashi maza in mayar kafin ransa ya ɓaci. Na tashi na yi kamar na mayar. Kafin in dawo ta zauna a kujerarta, ta manta da fita.

Tun daga ranar haka muke. Ba ta ƙara taka waje ba. Kunnena dai ya sha ja, duk wanda ya shigo karɓar ɗinki sai ya ji ana kirana ɓarauniyar filaya. Ban damu ba. Na ma fi kowa sanin na cancanci faɗan.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na jiya. Bayan ta gama ja min kunne ba ta koma kujera ba. Ta tsaya tana kallon get ta daɗe, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya, kamar mai tsoron kada ya ji. Ta ce in gaya mata gaskiya, ko ta yi masa wani laifi ne. Wai da in za ta fita yakan ce ta jira shi, yanzu kuwa ni kaɗai yake yi wa magana, ita ko sunanta ba ya kira.

Na ce mata yana neman takalminsa ne. Ta gyaɗa kai, ta koma ta zauna, ta gyara mayafi tana jira.

Na san za ta sake tambaya, Yaya, watakila gobe, watakila an jima. Ki rubuto ki gaya min abin da zan riƙa ce mata, don ni nawa ya ƙare.

Ki shafa min kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Taki,
Auta