Tagar Shinkafa a Gidan Zawarawan Wakra

Wakra, Ƙatar
9 ga Maris, 2014

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Ya ciwon gwiwar? Fausatu, ke da kike karanta masa, ki ɗaga murya, kada ki haɗiye rabin maganar yayanki kamar yadda kika saba.

Baba, an ɗauke ni daga dogayen benayen Doha an ba ni aiki irin naka. Wani tsohon gida muke gyarawa a bakin teku, wanda hukuma ta hana a rushe ko a sauya masa kama. Wata attajira ce ta gina shi ta yi waƙafinsa, bayan guguwa ta kife jiragen masu nutson lu'ulu'u, teku ta yi kwanaki tana amayo gawarwaki. Matan da mazajensu suka nutse su ta tara a ciki. Ɗaki goma sha biyu ne kewaye da tsakar gida, duk matsattsu, don faɗin ɗaki ba ya wuce tsawon itacen rufi, kamar dai azararmu ta Zariya. Abin da ya fi taɓa zuciyata wata 'yar taga ce a bangon gabas, daidai ƙugun mutum. Ta nan ake miƙa shinkafa, mai bayarwa ba ya ganin fuskar mai karɓa.

Bangon na dutsen teku ne da farar ƙasa, yana shan danshi yana fitarwa. Mudir, wato shugaban aikin, ya ce a shafe shi da siminti a bi da farin fenti, wai farar ƙasa na ɓata lokaci kuma an sa ranar buɗewa. Alidu, wani magini ɗan zangon Kumasi da muke cin tuwo tare a unguwar Mansura ranar Juma'a, ya rantse ba da hannunsa ba. Mudir ya tuna masa fasfonsa na wurin kafil, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, washegari sai ga Alidu da cokalin gini. Ni kuma na sa hannu a takardar amincewa da simintin. Na san abin da za ka ce, ka ajiye faɗan sai na zo.

A gaida Inna.
Ɗanka, Mas'udu

Wakra
21 ga Oktoba, 2014

Baba,

Ina gaisuwa, Allah Ya sa kuna lafiya. Ni ba lafiya ba.

Bangon gabas ya faɗi jiya da hantsi. Simintin ya kumbura, aka tura Alidu ya yi masa faci. Ƙarar ta fi ta aradu, ƙura ta rufe tsakar gidan har ba ka ganin tafin hannunka. Muka yi ta haƙa da yatsu, duwatsun na yanka mu kamar reza, a jiƙe suke sharkaf, suna ruɓewa a hannu. Dutsen tagar nan kaɗai ne bai fashe ba, kuma ta cikinta muka ga hannun Alidu ya fito, tafin a buɗe. Na kama na ja, yatsun suka matse nawa sau ɗaya suka sake. Da muka ɗage itacen rufin da ya danne shi, ƙirjinsa ya lotsa, bakinsa cike da jini da yashi.

Mudir ya iso yana yalla yalla, wato maza-maza, wai a share wurin a rufe bangon da tamfol kafin 'yan sanda su zo. Bai ko kalli gawar ba. Baba, ban san lokacin da guntun itacen rufi ya shiga hannuna ba. Na maka masa a baki, haƙoransa suka zubo a kan farar rigarsa. Ya faɗi, na bi shi, na dake shi a kafaɗa har na ji ƙashi ya amsa. Da Reuben, mai gyaran wutarmu ɗan Kafanchan, bai shaƙe ni ta baya ba, da gawa biyu aka ɗauka. Ban yi nadama ba tukuna, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Ina tsare a ofishin 'yan sanda. Reuben zai ba wani mai tafiya gida wannan takarda. Kada a gaya wa Inna yanzu.

Ɗanka, Mas'udu

Doha
3 ga Nuwamba, 2014

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Saƙonka na addu'a ya iso ta bakin Reuben, na gode.

Lauyan kamfani ya zo da takarda. In na sa hannu cewa Alidu ne ya cire itacen da aka tokare bangon da gangancinsa, Mudir zai janye ƙara, shi ke nan, in koma aiki. Kwana uku takardar na aljihuna, wallahi har biro na ara. Jiya na mayar masa da ita fara. Na gaya wa jami'an kula da kayan tarihi su buga guduma a sauran bangayen su ji yadda suka ruɓe, su kuma duba sunan wanda ya amince da simintin. Yanzu gidan yari ne a gabana, daga nan kora daga ƙasar.

Ka aiko cewa kana alfahari na tsaya wa abokina. Dakata ka ji sauran. Tun ina ɗan shekara tara ka koya mini ɗora tafin hannu a bango da safe, ka ce bangon da aka toshe wa numfashi sanyi yake yi kafin ya kashe mutum. Tun watan Yuli nake ɗorawa a bangon gabas, kullum ina jin sanyin. Ranar da ya faɗi ma na ɗora, hannuna ya jiƙe. Na goge a wandona, na ce wa Alidu ya fara daga wajen tagar. Ni kuma na koma bakin ƙofa na tsaya.

Duk dukan da na yi wa Mudir, rabinsa nawa ne. Fausatu, kada ki tsaya a nan. Ki karanta masa duka, kada ki haɗiye ko kalma ɗaya.

Ɗanka, in har ka yarda,
Mas'udu