Fitilu Biyu a Aljihu

Auta,

Na fita kina barci.

Jiya da la'asar muka shirya da mai gyara: ya ba ni 'yan fitilun LED biyu na ƙarawa a babur ɗinki don in ba ki mamaki, na ba shi rediyona. Ramukan hanyar asibitinku na tuna, ga ki da aikin dare. Na dawo da su a aljihu ina murna, sai na tarar da babur a tsakar gida yana ƙyalli kamar gidan biki. Ashe saurayin nan naki mai gilashi ya riga ni ɗaura miki nasa fitilun.

Har da ce mini, "Baba, ka huta, yanzu akwai mai yi." In huta? Wa ya riƙe miki babur ranar da kika fara koyo, har kika take mini ƙafa? Yana ina a lokacin?

Na dai duba aikinsa. Gaskiya ɗaci gare ta, nasa sun fi nawa haske, kada ki cire. Amma ta hagu sama take kallo kamar wanda ya ɗaura ta, za ta kashe wa masu tahowa ido. Kada ki hau sai ya zo ya sunkuyar da ita. Ni ba zan taɓa ba, ai an ce in huta.

Mai gyara ya ci rediyo, mai gilashi ya ci godiya, ke kin sami haske. Ni kuwa ga fitilu a aljihu, ba babur, ba labarai.

Babanki