Tagar Maganinku Ta Cinye Muryar Ladaninmu

Zuwa ga Shugaban Sashen Bayar da Magani na asibitin da mahaifina ke zuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda addini ya ɗora mini, ranka ya daɗe, ni 'yar Malam Idi ce, ladanin masallacin layinmu a Limancin Kona. Tun ban san kaina ba muryarsa ke tashin unguwa. Yau ko daga zaure ya kira ni ba na ji, kuma ku nake tuhuma.

Na ɗaya. Da asma ta matsa wa Baba, likita ya rubuta masa abin shaƙa mai launin ruwan ƙasa, safe da yamma, ban da shuɗin da yake shaƙa in numfashi ya sarƙe. A tagarku aka turo masa kwali, ma'aikacinku ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce na gaba ya matso. Ina tsaye a wurin.

Na biyu. Baba mutum ne mai tsari. Sai ya yi alwala ya gama, sannan ya shaƙi maganin da bismilla ya nufi lasifika. Sannu a hankali harshensa ya yi fari fat, haɗiya ta zama azaba, murya ta dishe. Jama'a suka fara cewa tsufa ne, wasu suka ce sammu. Shi kuwa ya lura tun zuwan maganin abin ya faro, sai ya jefa shi ƙarƙashin gado bai gaya wa kowa ba. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago: ya koma zuƙar shuɗin ba ƙaƙƙautawa, hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, har ranar da ya zube a tsakiyar kiran la'asar.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. A ɗakin gaggawa wata likita ta bayyana mana cewa mai ruwan ƙasan ne ke kwantar da kumburin hanyar numfashi a hankali, ba a yanke shi. Amma yana barin saura a maƙogwaro, in ba a kurkure baki an zubar ba sai ya haifar da farin nan da dishewar murya. Mutumin da ke kurkure baki kafin kowace salla! Da ma'aikacinku ya ce masa ya shaƙa kafin alwala, ba bayanta ba, da magana ta ƙare. Wannan 'yar jimlar ce ta yi muku tsada?

Kada ku ce mini layi ya yi tsawo. Mu muka tsaya a layin, mun san tsawonsa, mun kuma ga ana latsa waya a bayan tagar.

Ba diyya nake nema ba. Ina so duk wanda kuka miƙa wa waɗannan magunguna ku gaya masa da Hausa aikin kowanne, da illarsa, da kurkurar baki. Kuma ku daina miƙa magani kamar masu sayar da ashana.

Baba ya koma kan maganinsa, harshe ya washe, amma masallaci bai jira ba, an naɗa wani. Yanzu in an kira salla yana zaune kan buzu, leɓɓansa na bin kiran, yana gyara wa sabon ladani jan murya, gyaran da ba wanda ke ji sai ni.

Allah Ya shirye ku, Ya sa kada a yi wa mahaifinka abin da aka yi wa nawa.

Wassalam.

Hajara Malam Idi,
Limancin Kona, Birnin Zariya.