Shayin Kaka Klavdiya

Mosko, 9 ga Fabrairu

Yaya Taya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya Kaka da sanyi? Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

An dakatar da ni daga wasan tanis. Gwajin fitsarin da aka yi mini a Janairu ya nuna wani maganin zuciya da aka haramta wa 'yan wasa. Ni da ko maganin mura ba na sha sai na kira likita! Lauya ya ce in ban nuna ta inda ya shiga jikina ba, dakatarwar shekara huɗu ce. Shekarata ashirin da takwas, Taya. In na dawo ina da talatin da biyu, da wannan gwiwar tawa, sai dai in tsince wa yara ƙwallo. Kuma bana ne fa na fara shiga sahun hamsin na farko a duniya.

Na zazzage jakunkunana kaf, ban ga komai ba. Gida kaɗai na ci abinci hankali kwance, a hutun sabuwar shekara. Don Allah ki duba mini kicin. Kaka kuma ki ce mata gwiwa ce ta hana ni fitowa a talabijin.

Ƙanwarki,
Rimma

Ribinsk, 15 ga Fabrairu

Rimma 'yar auta,

Na gaishe ki. Sanyi yana nan, Kaka ma tana nan, ta fi ni ƙwari.

Ban sha wahalar bincike ba. Kwalin maganinta na zuciya na gani ya kusa ƙarewa, na ce, "Kaka, cin ƙwayar nan kike yi kamar gyaɗa?"

Ta ce, "Ni kaɗai na sha? Ba ki ga yadda yarinyar nan ta dawo ba, kamar tsinken tsintsiya, tana hawa bene tana haki? Buɗe ƙwayar nake in zuba mata a shayi, in cika da zuma."

Na ce, "Kin gaya mata?"

"In gaya mata ta ƙi? Ita da ko kwalbar ruwa sai ta karanta bayanta? Ai ba magani ba ne, ƙarin ƙarfi ne. Duk benen nan wa ba ya sha?"

Tana faɗa tana murmushi, wai ai ga shi kin koma kin ci wasa uku a jere. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka, sannan na yi dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. To, ga amsarki. Ki kai wa lauya.

Yayarki,
Taya

Mosko, 21 ga Fabrairu

Yaya Taya,

Ina gaisuwa. Na kai masa, har da tafi ya yi. Ya ce da wannan za a iya rage hukuncin ya koma watanni, amma sai Kaka ta tsaya gaban alƙalai da kanta, su juya ta da tambayoyi, jaridu kuma su buga sunanta.

Ba zan iya ba. Matar da ta riƙe mu bayan rasuwar Mama, wadda ta riƙa share ƙanƙara a bayan gareji don in samu bangon buga ƙwallo, ita zan kai a nuna wa duniya cewa ta kashe mini sana'a? Shekararta tamanin da ɗaya, zuciyar kuma kin san halinta. Na ce wa lauya ya manta na yi maganar.

Haushinta nake ji, Taya, duk lokacin da na tuna shayin nan. Jiya ta kira, na kasa ɗauka. Amma ki rufe bakinki.

Rimma

Ribinsk, 27 ga Fabrairu

Rimma,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Taurin kanki irin na Kaka ne sak. Ita ta yanke miki hukunci a ɓoye don tana sonki, ke ma yanzu haka za ki yi mata?

Na rufe bakina, amma ba ni da marufin bakin gari. An faɗi sunanki a labarai. Na cire wayar talabijin na ce ta lalace. Sai dai shekaranjiya Kaka ta sauka benci wurin Zoya Petrovna ta bene na biyu, kin san ta, ba ta haɗiye zance. Da Kaka ta hawo, ɗakinta ta wuce. Ba ta taɓa miyarta ba. Yau da safe na dawo daga kanti na tarar ta saka babbar kwat ɗinta ta zuwa coci ta fita, ba ta faɗi inda za ta ba. Ina rubutu ina leƙen taga.

Taya

Ribinsk, 28 ga Fabrairu

Jikata Rimma,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya tsare ki. Ki yi haƙuri da rubutun, idona ya tsufa.

Hoton fasfo na je aka ɗauke ni jiya, don takardun zuwa gaban alƙalan. Zoya ta gaya mini komai, sauran kuma na matse Taya ta faɗa, kada ki yi mata faɗa. Ni na zuba, ni zan faɗa. Ki ce wa lauyan naki ya sa rana, ya kuma tambaya ko za su bar ni in zauna, ƙafata ba ta jure tsayuwa.

Alƙalan ba sa ba ni tsoro, su buga sunan nawa da manyan baƙaƙe. Abin da nake tsoro shi ne lokacin da zan sauko daga jirgin ƙasa in gan ki. In ba za ki iya kallon fuskata ba, ki gaya wa Taya tun yanzu, in san yadda zan shirya. Ko ta yaya dai ina tafe.

Kakarki,
Klavdiya